Kifina Mai Ƙafafu

Litinin, 14 ga Afirilu 2025
Na sa shi cikin akwatin gilas na bakin ƙofar gidan abincina, tare da karfasa. Fari ne, da ƙafafu huɗu, da jar geza a gefen kai. Daga Kwatano wani direba ya kawo mini shi. Duk garin Tawa ba mai irinsa. Na sa an rubuta a allo: KIFI MAI ƘAFAFU.

Alhamis, 17 ga Afirilu
Zeinabou, ɗiyata da ke karatun ilimin halittu a Yamai, ta zo hutu. A gaban masu cin abinci, a gaban Almoustapha mai kanti, ta ce, "Baba, ai wannan ba kifi ba ne." Wai dangin kwaɗo. Wai masana sun raba su gida-gida: marasa wutsiya su ne kwaɗi, masu wutsiya salamandir, nawa kuma cikin salamandir ɗin da ba su barin ruwa har su mutu. Har da sunan Latin, Ambistoma kaza. Almoustapha ya ce, "Alhaji, ashe kwaɗo ka gina wa ɗakin gilas." Aka yi ta dariya.

Ni da na fara da tallar soyayyen kifi a tasha, ni za a koya wa kifi? Na ce kada ta ƙara taka mini wurin sana'a.

Asabar, 19 ga Afirilu
Abu yana iyo, yana numfashi cikin ruwa. Kwaɗo ta ina? A kwaleji na tsaya, ban kai jami'a ba, amma ina da ido.

Talata, 22 ga Afirilu
Ya daina ci. Geza ta zube, ƙafar gaba guda babu. Karfasa suka gutsure ta. Yarinyar ba ta yi mini magana sai ta bakin uwarta Kande. Kande ta ce wai a raba shi da kifi, ruwan sanyi yake so, in ba haka ba, ba zai kai Juma'a ba. Na ce ta gaya mata ban tambaye ta ba.

Laraba, 23 ga Afirilu
Kuran ya ɗauke tun hantsi, ba lantarki, kilima mai sanyaya ɗakin ta tsaya. Na iske shi saman ruwa a karkace. Na kai shi gida, na sa shi cikin randa shi kaɗai, da kwalbar ƙanƙara. Na tono masa tana a garka. Ba don maganarta ba. Zafi ne kawai.

Juma'a, 9 ga Mayu
Yana ci. A gurbin ƙafar nan wani abu ya tsiro, ɗan mitsitsi. Na yanka kifi iyakar rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba.

Na sa mai fenti ya goge allo. Ya ce mi za a rubuta? Na ce ya jira tukuna. Zeinabou ta koma Yamai ba mu yi sallama ba. Na ce wa Kande ta tambayo mini yadda ake rubuta Ambistoman nan. Ta ce in kira ta da kaina, ba ta da kiredi a waya.

Ƙarya take. Amma bayan la'asar, wataƙila in kira.