Mariƙin Injin Maidawa Ya Tsage Sau Biyu a Hannuna

Malam, a taimake ni da shawara, don abin ya hana ni sukuni. Ni mai walda ne a Bagudo, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a. A aji uku na bar sakandare, ba wanda ya koya mani aikin nan, da idona da hannuna na koya. Har daga Kamba ana kawo mani aiki. Ƙarfe in na ƙwanƙwasa shi na ji ƙararsa, na san ko wane ne.

Maidawa, ƙanen matata, yana ƙetarar da mutane kogi a kwale-kwale. Ya sayo tsohon inji daga Binin, sai mariƙin da ke riƙe injin a jikin jirgi ya karye. Ba lamba ba rubutu a jikinsa. Na ce alminiyam ne, na liƙe shi da wayar kebur da nake feɗewa, wadda da ita nake liƙe tukwane da rediyetar mota. Yana hucewa ya tsage gefen ɗinkin. Na sake, ya sake tsagewa. Na ukun ya zauna, na goge, na shafa fenti. Na ce masa ya zo ya ɗauka kafin ranar kasuwa. Bai san da tsagewar ba. Ban taɓa mayar da aiki na ce ya fi ƙarfina ba, balle ga suruki. In ba shi?

Mai Walda, Bagudo

Malam mai walda, kada ka ba shi.

Gwanintarka ba a musunta, amma kunne ba ya bambance alminiyam. Iri-iri ne, kowane da abin da aka gauraya masa. Wani yana karɓar walda, wani tsagewa yake yi komai iyawar mai hannu, wani kuma kama kawai ya yi da alminiyam. Ka kankare wani lungu da magagari, ka ɗiga ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, maganiziyam ne, ka nisantar da garinsa daga wuta. In ya yi nauyi fiye da girmansa, akwai ƙarfen tutiya a ciki. Ko da alminiyam ɗin ne, wayar kebur ta yi laushi ga abin da zai ɗauki inji, sai sandar waldar da ta dace da irinsa.

Amma wannan mariƙin ya sha wuta sau uku, ya riga ya raunana, fenti ya rufe shi ne kawai. In ya saki a tsakiyar kogi, mata da buhunansu ne a jirgin.

Na san nauyin faɗa wa suruki haka. Ka kira Maidawa yau, ka kankare fentin a gabansa, ka nuna masa, ku nemo wani mariƙin wurin masu tsofaffin injuna. Kasuwa ɗaya zai rasa. Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya ƙetarar da su lafiya.