Jikata Gola Ce, Kuma Ta Kasa Cafe Dankali

Zuwa ga Magnhild, mai filin shawarwari,

'Yar nan, ki taimake ni da sauri, lokaci ba ya jirana. Shekarata tamanin da ɗaya. Ina sha uku na bar makaranta na shiga gyaran kifi, don haka kada ki duba rubutu. Da yatsa ɗaya nake buga wannan a wayar da jikata ta saya mini.

Jikar zan kira ta Runa, ba sunanta ba ne. Ni na raine ta a tsibirin nan namu na arewa. Uwarta ta bi wani kudu, ba zancenta ya kawo ni ba. Runa gola ce a wata babbar ƙungiyar ƙwallon mata. Na ce gola, amma gaskiya mai ɗumama benci ce. Shekara takwas tana zaune tana kallon wata tana tsaron raga. Nakan ce mata da kaza ce ita da tuni ta ƙyanƙyashe bencin. Yanzu waccan ta karye a wuyan hannu, an ce Runa ce za ta tsaya a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, nan da kwana goma sha ɗaya. Shekararta ashirin da tara, kwantiraginta ƙarshen shekara zai ƙare. Garin nan kaf an haukace. An ɗauki shatar mota, matan coci suna saƙa mayafai kalar ƙungiyar, har fasto ya matsar da taron addu'ar ranar.

An ba su hutun kwana uku, ta zo gida ranar Lahadi. Tun daga ƙofa ta bugi dogarin ƙofar da kafaɗar hagu, ƙofar da ta girma tana shiga. Ƙarƙashin idonta na hagu akwai sauran tabon duka mai ruwan ɗorawa, ta ce ƙwallo ce ta same ta wajen atisaye mako biyu da suka wuce, likitansu ya tambaye ta ta ce lafiya lau. Na lura in ina magana daga hagu sai ta juyo da kai gaba ɗaya kamar tsuntsun teku.

Kin san yanzu rana ta daina fito mana, ƙarfe uku na yamma duhu ya rufe. Muna shan gahawa bakin taga ta ce, "Kaka, dubi hasken arewa, yau da wuri ya fara rawa." Koren hasken nan take nufi da ke fitowa a samanmu lokacin sanyi. Na duba. Hadari ne ya rufe sama ruf, dusar ƙanƙara ke shirin sauka. Babu koren haske, babu komai. Ita kaɗai take ganin walƙiyarta. Na ƙara mata gahawa.

Akwai abin da muke yi a gidan nan tun tana shekara shida. In ina fere dankali sai in wurga mata ɗaya ba sanarwa, ko tana karatu ko tana ɗaure takalmi. Bai taɓa kaiwa ƙasa ba. 'Yan jarida sun tambaye ta wa ya koya mata kamu, ta ce wata muguwar tsohuwa. Yau Talata na wurga daga hagu. Ya same ta a kunci, ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin murhu. Ko ƙiftawa ba ta yi ba kafin ya iso. Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, hannu ya mutu, ki koma saƙa." Na ɗauki wani na wurga daga dama. Ta cafe ba tare da ta ɗago kai ba. Daga nan dariya ta ƙare.

Ta faɗa mini. Wai kamar baƙin labule ne ake jan sa daga gefen idon, kullum yana ɗan matsowa. Ta riƙe hannuna ta ce kwana goma sha ɗaya kawai take roƙo, ana busa tashi za ta je asibiti da ƙafarta. Ta ce in na faɗa wa wani, ba ni ba ita. Ta sa na yi alkawari, na yi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na taɓa yin irin alkawarin nan. Mijina Ottar masunci ne, ƙarfen jan ragar jirginsu ya buge shi a ka ana tsakiyar kakar kifi. Kansa na ciwo, yana amai a bayan rumfar shanya kifi, ya ce kada in gaya wa kowa, in an gama kaka zai ga likita. Kin san mutanenmu, mutum na mutuwa in ka tambaye shi sai ya ce ana nan. Na rufe bakina. Rana ta tara aka dawo da jirgi da shi kwance a kan raga. Ban yi kuka a bainar jama'a ba, akwai kifi a ƙasa yana jiran wuƙa. Amma shekara talatin da huɗu ina sane da cewa da na yi surutu da wataƙila ya tsufa ya dame ni.

Ban san ko ido kamar kai ba ne. Wataƙila kwana goma sha ɗaya ba komai ba ne, in je in rushe mata abu ɗaya da ta jira duk rayuwarta saboda tsoron tsohuwa. Lambar kocinsu tana manne a jikin firij. Sau biyu na ɗauki waya na ajiye. Yanzu tana waje tana kwashe min ƙanƙarar ƙofa, ina kallonta, layin hagu duk ta bar shi ba ta sani ba. Gobe Laraba jirgin ruwan ƙarfe bakwai na safe zai tsallaka da ita.

Kada ki lallashe ni. In kira ko in bari?

Tsohuwa mai fere dankali

*

Kaka,

Na ture sauran wasiƙu na amsa taki cikin sa'ar da ta iso, kuma ba za a buga ta ba sai bayan wasan, don kada a gane yarinyar.

Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata likitar ido abin da kika rubuta. Ta ce walƙiya da baƙin labule bayan duka a ido alama ce da ake gudu, mai yiwuwa fatar da ke can cikin idon ce take ɓallewa. In haka ne, ba a lissafa shi da mako. Kafin labulen ya kai tsakiya ana iya ceto gani, bayan nan ba tabbas. Kwana goma sha ɗayan da Runa ke roƙo, idon bai yi mata alkawarin su ba.

Ban raina abin da za ta rasa ba. Shekara takwas a benci ba wasa ba ne, kuma ita ba yarinya ba ce, jikinta nata ne. Shi ya sa nake cewa kada ki kira koci a bayan idonta. Wannan cin amana ne, kuma koci ba shi zai duba idon ba.

Ki kira ta ciki yanzu. Ki gaya mata a fuska kin janye alkawarin, ki ba ta labarin Ottar yadda kika ba ni, don ina zargin ba ki taɓa ba ta shi duka ba. Ki faɗa mata abin da ta riga ta sani: abin da kakarta ta gano da dankali biyu, 'yan gaban abokan karawa za su gano shi cikin minti goma, ga 'yan wasa goma da suka dogara da hagunta. Sannan ki buga lambar likitan gaggawa tana tsaye, ki miƙa mata. Likita ba ya kai sirrin majiyyaci wurin koci, ita za ta sanar da ƙungiyarta da bakinta. In sun ce a taho yau, kada ku jira jirgin safe. In sun ce gobe, ki sa rigar sanyinki ki hau tare da ita.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa wasan ya wuce ta, mai yiwuwa ta daɗe ba ta yi miki magana ba. Ki ɗauka. Gara ta harare ki da ido biyu.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ki ƙarfin baki. Ajiye wayar nan ki buɗe ƙofa.

Magnhild