Ba Mai Cire Mini Haƙori

Kalgo, daren Laraba, watan Rajab

Yau Yaya Bello ya kawo mini wanzami daga Diggi, har da awartakinsa, wai a cire haƙorin da ke hana ni barci. Na ce wanne? Wanzami ya ce in zaɓi wanda ya fi zafi. In zaɓa!

Na kurɓi ruwan randa mai sanyi a gabansu, ban ji komai ba. Ciwon nan da mura ya zo, hancina a toshe, kuma sai na yi sujada kuncina ke nauyi kamar zai faɗo kan buzu. Ina ruwan haƙori da sujada?

Yaya ya ce, "Ka kunyata ni gaban baƙo."

Na ba shi haƙuri, amma ban buɗe wa wanzamin bakina ba. Gobe malamin asibiti zai duba hancina, haƙorana kuwa suna nan cif.