Mai Riƙe da Tutar Brezov Dol

Brezov Dol, 20 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Ginka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya jikin tsohuwar da kike jinya? Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta narke, shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin makaranta, yara sun kwance zaren nan ja da fari na maraba da bazara daga wuyan hannu sun ɗaura a itatuwa. Na ba Mitko direba, mai jigila tsakanin nan da Sifaniya, cuku da kwalaben gasasshen barkono ya kawo miki. Ki duba murafan, kin san tuƙinsa.

Na fara wasiƙar nan na yage, na sake farawa na yage, don ba na son rubuta miki cikin fushi. Fushin ya ƙi sauka, sai ki karɓe ta a haka.

Ranar Asabar Mitko ya tsayar da motarsa a ƙofar kanti, ya leƙo ta taga, a gaban kowa ya ce, “Neda, ƙanwarki ta samu takardun zama a Sifaniya. Ta ce ki haɗa wa Yoana kaya, watan Yuni zan tafi da ita.” Haka na ji, ina riƙe da burodi. Yarinyar da kika bar mini tana shekara shida, yau tana aji bakwai, a bakin direba zan ji za a ɗauke ta? Na yi miki murnar takardun, Allah ya sani. Amma ai da kin rubuto.

Ga abin da ba ki sani ba. An zaɓi Yoana ta riƙe tutar makaranta. Hedimasta Karaivanov ya leƙo ofishina ya ce, “Neda, ’yarku ta fi samarin ajin ƙwaƙwalwa, ta kuma fi su tsawo. In ba wa, wanda bai san hagunsa da damansa ba?” Tun da aka gina makarantar nan namiji ke riƙe tuta, ’yan mata sai dai su tsaya a gefe da ɗamara a kafaɗa. Ita ce mace ta farko. Kin tuna yadda ake yi: ranar bikin haruffa, 24 ga Mayu, ɗan aji takwas mai fita ya miƙa ta hannu da hannu, mai karɓa ya durƙusa ya sumbaci gefenta, shi ke nan ya yi alkawarin riƙe ta shekara guda har ya miƙa wa na baya. Tun da aka gaya mata take yawo a tsakar gida da sandar tsinkar tuffa a kafaɗa, kaji na gudu.

Akwai kuma wata magana da ba zan ɓoye miki ba, tunda ni ce magatakardar makaranta, ni ke buga takardun. Ajinsu su goma ne. Ofishin ilimi na gunduma ya ce duk ajin da ya gaza goma za a riƙa kwashe shi a bas zuwa makarantar gari. In ajinsu ya tafi, sauran azuzuwan ba za su daɗe ba. Na yi ta tunanin ko in faɗa miki wannan ko in yi shiru. Na ga gara ki ji daga bakina.

Ki bar ta ta gama aji takwas, Ginka. Ban gaya mata komai ba tukuna, ko da yake rabin ƙauye sun ji Mitko.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Neda

Valencia, Sifaniya, 9 ga Afrilu

Yaya Neda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ’yata. Kaya sun iso, kwalba ɗaya ta fashe ta ɓata wa Mitko bargo, ya ishe ni da mita. Tsohuwata tana nan, ba ta barci, ba ta barin kowa ya yi.

To, na karanta. Sai da na kai ƙarshe na gane inda kika dosa. Ashe ’yata kai ce, ta cikon goma. Tumaki ake ƙirgawa haka, Yaya. Kin yi ta zagaye da shamuwa da kaji, alhali maganar kujerarki ce da injin buga takardunki.

Wai na aiko ta bakin direba. Ranar da aka ba ni takardar nan na fito na zauna bakin titi ina kuka kamar mahaukaciya, Mitko ne ɗan gida na farko da na gani. In jira sai na samu alƙalami mai kyau? Shekara bakwai ina wanke uwar wasu, ina ba ta abinci a baki, ba halin in leƙo gida, don in na fita ba za a bar ni in dawo ba. ’Yata ta yi famfara ban gani ba. Ta fara al’ada, kika rubuto mini a layi ɗaya, tsakanin labarin rufin ɗaki da na akuyar maƙwabta. Yanzu ƙofa ta buɗe, ki ce in ƙara shekara saboda wani ƙyalle da asu ya cinye?

Kuma na san jininmu. In yarinyar nan ta sumbaci tutar, ko da igiya ba a ja ta. Saboda haka kada ta durƙusa. Ki je ki gaya wa Karaivanov ya ba ɗan gidan Petko, Stanimir ne ko wa, ai namiji ne, dama abin da suka saba ke nan. In makarantar za ta rufe don yarinya ɗaya ta tafi wurin uwarta, to dama a rufe take, ba su sani ba ne.

Ban manta da alherinki ba, kada ki ce na manta. Amma riƙo na ba ki, Yaya, ba kyauta ba.

Ki sumbace mini ita.
Ginka

Brezov Dol, 25 ga Mayu

Ginka,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu ma lafiyar jiki muna da ita. Zan faɗa miki abin da ya faru daki-daki, don kada ki fara jin sa a bakin Mitko da gishirinsa.

Na yi abin da kika ce. Na je wurin Hedimasta, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, “Ke za ki gaya mata ko ni?” Na ce ni. Sai na yi ta ɗagawa, yau tana da jarrabawa, gobe tana mura. Ranar gwajin fareti ya ɗauka na faɗa mata, ya kira sunan Stanimir a gaban makaranta duka. Tana tsaye cikin farar rigar da ta goge da hannunta.

Da ta dawo gida ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya.

“Inna, kin sani?”

“Na sani.”

“Mama ce?”

“Mu biyu ne.”

“Madalla,” in ji ta. Daga ranar ban ƙara jin komai daga bakinta ba sai “to”.

Jiya aka yi bikin. Filin makaranta ya cika, tsofaffi a kan benci, ƙananan yara da furanni, har da wata mata daga ofishin gunduma da takalminta mai tsini yana nutsewa cikin ƙasa. Aka buga ganga. Hristo, ɗan aji takwas mai riƙe da tutar bana, ya taso da ita. Stanimir ya miƙo hannuwa. Hristo ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya nufi layin aji bakwai ya tsaya a gaban Yoana. Ina kusa, na ji komai.

“Karɓi.”

“Ka haukace ne? Koma can.”

“Mu aji takwas ke muka sani. Karɓi, doguwa, zan saki.”

Kuma ya saki. Kin san nauyin sandar nan. Ta karkata, gezar tutar ta nufi ƙasa, filin gaba ɗaya ya ja numfashi. Ba a taɓa barin ta ta taɓa ƙasa ba, ko shekarar da ɗakin malamai ya kama wuta ta taga aka miƙo ta. Yoana ta cafe ta da hannu biyu. Ke ma da kina wurin da kin cafe, kada ki yi mini ƙarya.

Hedimasta ya ɗaga kai yana duba shamuwa. Wata tsohuwa daga benci ta ce, “To durƙusa mana, ’yar nan, mun bar wake a wuta.” Yoana ta juyo ta dube ni. Da na ce mata a’a, wataƙila da ta fasa. Daga baya da dare na zauna da littafin da nake rubuta al’amuran yini, na tambayi kaina ko tsoron idon mutane ne ya rufe mini baki, ko kuwa so nake ta yi. Ban samu amsa ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki wata ba. Ita dai ta durƙusa, ta sumbata. Stanimir ya fi kowa tafi, ya ce dama sandar tana saka masa ciwon kafaɗa.

Yanzu ga tawa. Kin ce kujerata nake karewa. Na auna maganar da kyau, don ni ba na saurin wanke kaina. E, ina tsoron rasa aikin, wa ba ya tsoro? Amma ko gobe aka ba ni tsintsiya aka ce in share titin gari, zan share. Abin da ban yafe ba shi ne maganar riƙo. Kin san ban haifa ba, kin san daidai inda za ki soka. Riƙo ne, na yarda. Ni na riƙe ta lokacin da zazzaɓi ya sa take kiran sunanki, ni na riƙe ta a tashar mota duk Kirsimeti tana leƙen fuskokin masu sauka. Na kuma hana ta tutar don ke, ta daina yi mini magana don ke. Me ya rage ban yi ba?

Ki huta lafiya.
Neda

Valencia, 2 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, Mitko na jira a waje yana danna ham.

Yaro ya saki sanda, yarinya ta cafe, Hedimasta na kallon tsuntsu, ke kuma kin zama bebiya. Kowa ya samu abin da yake so, ba mai laifi. Ai kun iya shiri a ƙauyen nan. Ko ba ki kitsa ba, kin ji daɗi, kuma ni wannan ya ishe ni.

Alkawarin yarinya ga ƙyalle bai fi haƙƙin uwa ba. Na daina kwana gidan tsohuwar, na kama ɗaki mai gado biyu, na sayi labule mai ruwan ɗorawa don kin taɓa rubuto mini shi take so. Na yi mata rajista a makarantar unguwa. Mitko zai taso daga wurinku ranar 12 ga wata. Ki saka ta a mota. Zan tsaya a tasha.

In ya buɗe ƙofa babu ita, to ba ni ba ke, Neda, har kabari.

Ginka

Brezov Dol, 12 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. A kan gwiwata nake rubutu a ƙofar kanti, shi ya sa layin ya karkace. Kawu Mitko ya ce minti kaɗan zai ba ni.

Ba na cikin motar. Kada ki ɗora wa Inna. Ita ta wanke kayana ta goge, ta haɗa jaka, ta ɗauko ta a kafaɗa har nan. Yanzu haka tana riƙe da ƙofar mota tana cewa in shiga, fuskarta duk ta kumbura. Ita ma fushi nake da ita. Tun shamuwa ba ta yi ƙwai ba kuke rubuta wa juna a kaina, ba wadda ta tambaye ni.

Ba don ajinmu ya cika goma na tsaya ba, wannan damuwar manya ce. Na durƙusa a gaban mutane na yi alkawari, ba wanda ya danna mini kai. Zan cika shi.

Ruwan ɗorawa kuwa, tun ina aji uku na daina so. Amma kada ki cire labulen.

Yanzu kina da takardu, kina iya zuwa ki koma. Ranar 24 ga Mayu mai zuwa zan miƙa tuta. Ki zo ki tsaya a filin makaranta, in an gama ki kama hannuna da kanki, zan bi ki. Ki zo da wuri, benci na cika. In ba ki gane ni ba, ni ce mai riƙe da tutar.

Ki huta lafiya.
’Yarki, Yoana