Madarar Ƙarfe Biyar

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Ƙarfe goma da rabi na safe, ina sito ina duba gangunan sinadari, ƙanin Siman ya kira: Siman ya rasu da asuba a gidansu na Gitata. Shi ne babba a ɗakin haɗi, inda ake cakuɗa sinadaran soson katifa. Tun da na kama aiki a kamfanin nan na Sabon Gari, wata biyu ke nan, ban taɓa ganinsa ba tari ba. Oga ya ce asma ce ta gado. Ko injin ba a kashe ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Sunan aikina jami'ar kula da lafiyar ma'aikata. Ainihin aikin: ƙarfe biyar in tsaya a ƙofa in miƙa wa kowa gwangwanin madara. Wai tana wanke sinadari daga ƙirji. Shekara huɗu ina karanta kimiyyar sinadarai. Madara ciki take tafiya, tururin TDI, sinadarin da ake haɗa soso da shi, huhu yake shiga. Ina suka haɗu?

Fankar da ke zuƙe iskar ɗakin haɗi waje ta mutu. Tagogi a rufe, don damshin damina na ɓata soso. Takunkumin takarda ne, ƙura kawai yake tarewa.

Alhamis, 4 ga Yuli

An mayar da Wilson gurbin Siman. Shi ne mai raka ni titi in hau keke kullum. 'Ya'yansa uku. Na ji ƙirjinsa na shewa daga inda nake tsaye. Na ce ya je asibiti a duba shi. Ya yi dariya: "Ƙanwata, ki ƙara min gwangwani ɗaya dai, ni ne likitan kaina." Shi ya gaya min wani Jonatan ma ya mutu bara, da irin tarin nan. A wannan ɗakin.

Talata, 9 ga Yuli

Na je wa Oga da bayani: a gyara fanka, a sayo takunkumi mai tace tururi, a daina yaudarar mutane da madara. Na yi ta maimaita maganar a raina kafin in shiga. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Kin yi gaskiya, Malama. A dakatar da madara."

Ita kaɗai ya ji.

Laraba, 10 ga Yuli

Babu mai gaishe ni. Lucky, wanda ke yankan soso, ya ce da ƙarfi don in ji: "Mai digiri ta zo ta cinye mana magani." Wilson ma bai raka ni ba, ni kaɗai na taka zuwa titi. Suna ganin na cire musu kariya. Oga kuwa ya tsaya gefe, hannunsa tas. Haushi har ya hana ni cin tuwon Inna.

Litinin, 15 ga Yuli

Madara ta dawo, Oga da kansa ya raba. Har tafi aka yi masa. Fanka tana nan a mace.

Juma'a, 19 ga Yuli

Wilson ya faɗi gefen injin bayan azahar, leɓensa ya yi baƙi. Ni da Lucky muka sa shi a keke zuwa asibiti. An sa masa iskar oksijin. Likita ta tambayi da me yake aiki, na faɗa mata sunan sinadarin, na nuna mata hoton gangar. Ta ce kada ya sake kusantar wurin, ko da minti ɗaya. Matarsa ta riƙe hannuna tana cewa, "Amma ai yana shan madararsa, Anti."

Asabar, 20 ga Yuli

Oga ya ce Lucky zai shiga ɗakin haɗi ranar Litinin, odar masu sayen soso tana jira. Ban yi musu ba. Ni na rufe ko'ina bayan an tashi, kamar kowace Asabar.

Abin da ban sani ba:

Ainihin abin da ya kashe Siman da Jonatan. Ba a yi wa ko ɗaya gwaji ba, don haka ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba.

Yawan tururin da ke cikin ɗakin. Babu na'urar awo.

Ko huhun Wilson zai koma daidai.

Ko ofishin ƙwadago na amsa waya ranar Litinin da safe.

Abin da zan ce idan Oga ya nemi makullin ɗakin haɗi. Yana cikin jakata, kuma babu na biyu.