A Bar Mini Koren Nan Zuwa Talata

Daga:
Mai Kula da Tsabta,
Hawa na Ɗaya,
Asibitin Ido.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Ta hannun Babbar Nas.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE ƊAN BANƊAKIN BAƘI NA HAWA NA ƊAYA, DA SHIRIN SHAFE SHI DA FARIN FENTI RANAR LITININ, 14 GA OKTOBA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Ni ce matar nan da kake tararwa da bokiti a bakin matakala kowace safiya, wadda kake yi wa sannu da aiki kana ɗage ƙafar wando. Shekarata goma sha tara a asibitin nan ban taɓa rubuta wa kowa takarda ba, ko hutu da baki nake nema. Idan ka ga rubutun yana hawa yana sauka, a yi mini afuwa. Ba fushi ne kaɗai ba. Tun da aka sa wa maigidana ranar aikin idonsa hankalina ya ƙi zama wuri ɗaya, jiya ma gishiri na zuba masa a shayi, ya shanye bai ko lura ba don shi ma hankalinsa ba ya jikinsa.

Ga asalin magana. Banɗakin da ake batu a kansa taku huɗu ne a tsaye, biyu a kwance. Shi kaɗai ne ke da madubi a duk hawan. Duk wanda aka cire wa bandeji bayan aikin yanar ido, abin farko da yake tambaya madubi ne, ni kuma nake riƙe hannunsa in kai shi. Na sha ganin tsoho ya shekara biyar a duhu, an buɗe masa ido, sai abin da duniya ta fara nuna masa ya zama bango mai launin ruwan wanki da tsagaggen madubi da bai fi littafi ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ranar Talata, 30 ga Yuli, na nemi izini wurin Babbar Nas. Ta ce in yi yadda na ga dama, muddin ban tambayi sito ko gwangwani ɗaya ba, kuma ban bar wa marasa lafiya warin fenti ba. Na fara ranar Asabar, 3 ga Agusta, na gama ranar Lahadi, 25 ga wata, duk a ranakun hutuna. Surukina mai fentin mota ne ya ba ni ragowar gwangwanayensa, shi ya sa bangon ke ƙyalli har mutum ya hangi inuwarsa. Launukan kuwa maigidana ne ya zaɓa. Tela ne, ya yi shekara talatin da biyar a kan keke kafin yanar nan ta rufe masa ido biyu shekara shida da suka wuce. Yana zaune a tsakar gida ya tsara mini komai da baki: bango kore shar, rufi ja wur, kifaye tara masu ruwan ƙwai su zagaye ta sama, kan famfo ruwan zinari. Labulen da ke rufe bokiti daga buhun ƙyallayensa na haɗa shi. Madubi na sa sabo, na zagaye shi da fasassun farantai da na yi shekara uku ina tarawa daga kicin ɗin asibiti. A bayan ƙofa kuma na zana ɗawisu da hannuna. Ranka ya daɗe, ko ni da na yi, in na buɗe ƙofar da safe sai na yi dariya ni kaɗai.

Yanzu ga ƙorafina, ɗaya bayan ɗaya.

1. Ranar Juma'a, 4 ga Oktoba, Jami'in Kula da Gine-gine, wanda ma'aikata ke kira Mai Awo saboda tef ɗin da ba ya rabuwa da shi, ya zo zagayen duba gini. Ya shiga banɗakin da ƙarfe goma da kwata, ya fito goma da minti talatin da biyar. Ina tsaye da tsintsiya a waje, kuma ƙofar ba ta gama rufuwa ba, don haka ina shaida cewa minti biyar ya yi yana awo, sauran a gaban madubi ya yi su yana gyara zaman hularsa ta dama da ta hagu. Ban ga laifinsa ba, madubin yana fito da mutum. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ya fito yana murmushi, ya je ofis ya rubuta cewa wurin ya saɓa wa ƙa'ida.

2. Ranar Talata, 8 ga wata, aka miƙo mini kwafin rahotonsa. A shafi na biyu, layi na shida, an rubuta cewa an samu hoton wata babbar kaza a bayan ƙofa. Cikin ladabi nake sanar da ofishinka cewa ɗawisu ne. Na yarda wuyan ya ɗan yi kauri, domin a kan kujera nake tsaye ƙafa ɗaya lokacin da na ja shi, amma wace kaza ce ke da wutsiya mai ido ashirin da ɗaya? Direban motar asibiti ya ce zabo ne, mai gadi ya ce talotalo, duk na haƙura tunda da baki suka faɗa. Wannan kuwa a rubuce yake, da hatimi, zai shiga fayil ya zauna har bayan raina.

3. Rahoton ya ce launi mai ƙarfi yana iya wahalar da sabon ido. Ni ba likita ba ce, don haka na je na tambayi Likitan Tiyata. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Ya ce shi kansa idan ya gama gwajinsa na allon haruffa yakan tura mutum ya ƙirgo masa kifayen, musamman tsofaffin da ba su yi boko ba, kuma wanda ya dawo ya ce tara, to a ba shi takalmansa ya tafi gida. Ya ba ni izinin ambatonsa a nan.

4. Rahoton ya ce ana yin layi a ƙofar. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Har masu jinya daga hawa na uku suna saukowa, alhali suna da nasu banɗakin. Wata tsohuwa da aka buɗe wa ido a watan jiya ta shiga ta rangaɗa guɗa, nas biyu suka rugo a guje sun ɗauka faɗuwa ta yi. Da ta fito ta kama hannuna ta ce ashe har yanzu akwai ja a duniya. Idan layi ne matsalar, na riga na samo benci, kuma zan riƙa ƙwanƙwasa wa masu ɗaukar hoto bayan minti uku. Amma tunda aka yi fentin nan ba wanda ya ƙara tofa yawu a bango ko ya bar famfo a buɗe. Mutane kunyar wurin suke ji.

5. Ranar Laraba, 9 ga wata, da ƙarfe bakwai na safe, na tarar da kwaɗo a ƙofar, da takarda manne cewa masu fenti za su zo ranar Litinin, 14 ga wata, su mayar da komai fari. Ba a kira ni ba, ba a tambayi Babbar Nas ba. Bokitina da labulena da sabulun da na yanka gida huɗu duk suna ciki. Tun jiya marasa lafiya masu bandeji a ido suke lallaɓa matakala zuwa hawa na biyu, ni ina gaba suna riƙe da gefen mayafina.

6. Wannan shi ne babba, kuma ina roƙon a karanta shi a zaune. Shekara shida ke nan, ga ni ma'aikaciyar asibitin ido, amma mijina yana gida ba ya gani, saboda tsoron wuƙa da taurin kai irin na tsofaffin teloli. Likitoci sun yi magana, 'ya'yansa sun yi, yayarsa ta zo ta yi kuka ta koma, bai motsa ba. Ranar da na gama fentin nan na dawo ina ba shi labari, sai ya ce shi bai yarda da ni a kan launi ba, tunda ya san ni ban taɓa bambance kore da ruwan ganye ba, don haka sai ya je ya duba aikin da idonsa. Washegari da kansa ya nemi sandarsa ya ce in kai shi a rubuta sunansa. Ranka ya daɗe, abin da likita uku suka kasa, banɗaki ya yi! An sa masa aiki ranar Litinin, 14 ga wata, ranar da masu fenti za su zo. Za a cire masa bandeji ranar Talata, 15 ga wata, da safe. Kwana ɗaya tak ke tsakani. Har yanzu ban gaya masa zancen kwaɗon ba, domin na san halin kayana: in ya ji, zai mayar da sandar bayan ƙofa ya ce dama bai shirya ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka da ya ba da umarnin cire kwaɗon yau ɗin nan, ya kuma dakatar da masu fenti, in ba za a fasa gaba ɗaya ba, to aƙalla zuwa azahar ɗin Talata. Ina roƙon a gyara kalmar nan ta shafi na biyu. Ina kuma gayyatarka ka sauko da kanka ka gani, hawa ɗaya ne kawai, zan goge ƙasan ya bushe kafin ka iso don kada wandonka ya jiƙe. Ka ware minti ashirin, domin Mai Awo ma haka ya yi.

Na yi alkawari a rubuce: idan maigidana ya duba ranar Talata ya ce aikin bai yi ba, ni da kaina zan karɓi buroshi in shafe shi fari fat, har ɗawisun, ba sai an wahalar da kowa ba. Tela ne, ba ya yabon ɗinkin da ya karkace ko da na matarsa ne.

Akwai abu ɗaya da ban sa a lamba ba, don ban san ko ya dace da takardar ofis ba. Da na je sayen madubin, mai faɗi na zaɓa, wanda zai ɗauki fuska biyu. Mutumin nan rabonsa da fuskata shekara shida. A cikinsu na yi furfura, haƙori biyu sun tafi, ban gaya masa ko ɗaya ba. Koren da ya zaɓa wa bangon kuwa na gane shi tun yana kwatantawa, na yi kamar ban gane ba. Shi ne launin rigar farko da ya ɗinka mini muna saurayi da budurwa, wadda ya ce babu launin da ke karɓata kamarsa. A gaban farin bango, ranka ya daɗe, kamar marar lafiya nake fitowa. In dai zai gan ni a tsufe, ina roƙon a bari ya fara ganina a gaban koren nan.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba kukana da idon rahama kafin Litinin.

Taka mai biyayya a kullum,

(sa hannu)
Mai Kula da Tsabta, Hawa na Ɗaya,
wadda ma'aikata ke kira Inna Mai Fenti.

Kwafi zuwa ga: Babbar Nas, Likitan Tiyata, Jami'in Kula da Gine-gine, tare da gaisuwa, hular ta yi masa kyau a dama.