Hatimin da Na Buga a Kife

Zuwa ga Fumika, hasken idona, ɗumin tafin hannuna a ranar ƙanƙara, 'yar gidan masu yin miso, tsimammen waken nan na miya, wadda ƙamshin dafaffen wake a gashinta ya fi mini duk turaren da ke shagunan garin Matsumoto!

Na san ƙa'idar wasiƙa ta ce in fara da gaisuwar yanayi, in ce ganyaye sun yi ja a kan duwatsu, sanyi ya fara leƙowa, ina fatan kina lafiya. To, ga shi na faɗa, mu wuce wurin. Ba ni da haƙurin jan zance yau. Takarda biyu na ɓata kafin wannan, don dariya nake yi ni kaɗai har alƙalami yana kufce mini.

Wasiƙarki ta iso ranar Litinin. Wai kin sake ni, kin fasa aurenmu! Wai kin ji Mama ta yi kuka, ba za ki raba ɗa da sunan ubansa ba, in je in nemi wadda za ta bi ni gidanmu ta ɗauki sunanmu na Hoshikawa. Haba Fumika! Wa ya ce miki a ɗaure nake, har da za ki kwance ni? Wa ya aike ki yi mini wannan alherin da ya hana ni cin abinci kwana biyu?

Kin manta ranar nan ta watan Janairu? Muna cikin rumfar gangunan katako, numfashinmu yana hayaƙi, ina cuɗa wake da gishiri na haɗin miso har yatsuna suka daina ji. Ke kuwa kina gefe kin rufe baki da hannun riga, wai ba ni kike yi wa dariya ba. Babanki ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai malamin makaranta, wannan hannun naka ai alli kawai ya sani. Ji nan. 'Yata ita kaɗai gare ni, kuma gidan nan tun kakan kakana suna ɗaya ke jikin ƙofarsa. Mai son ta shi zai shigo, ya ajiye sunansa ya ɗauki namu. Kar ka amsa mini yau da so ke ɗibarka. Ranar da za a buɗe gangar nan ka zo da amsarka." Ya ɗora duwatsu a kan murfin ya yi tafiyarsa. Na juyo na ga dariyarki ta ɗauke, kina kallon ƙasa. Tun ranar ba ki sake tambayata ba, ni kuma na ɗauka kin san amsar.

Ga ta nan, kuma ɗalibaina sun riga ki ji. Makon jiya ina koya wa baƙin da ke koyon harshenmu darasin nan na "ni tsuke", inda ake jera yanayi biyu masu saɓani a nuna zuciya abu guda take ji a cikinsu. Ke kina faɗinsa kullum ba ki ma san ana zama a koye shi ba. Na juya allo ina ba da misalai. Ko na ji daɗi ko na ji haushi, Fumika nake tunawa. Ko ana ruwa ko ana rana, Fumika. Ko na ga furanni ko na ga dusar ƙanƙara... Ban kai ƙarshe ba aka katse ni. Dona Neide, dattijuwar nan 'yar Brazil da na taɓa ba ki labari, ta ɗaga hannu da gaske-gaske ta ce, "Malam, ita wannan Fumika za ta fito a jarrabawa ne? Mu haddace ta?" Aji ya tuntsire. Na goge allon da hannun kwat ɗina, kunnuwana kamar an gasa su.

Amma ƙarya na rubuta? Na gwada kaina wata goma kamar yadda Babanki ya ce. Lokacin furanni na so ki, wannan ba abin yabo ba ne, kowa ma yana so a lokacin. Sai damina ta zo, takalmina ya yi fumfuna, na makara jirgin ƙasa, shugaban makaranta ya wanke ni tas a gaban mutane, na fito ina neman wanda zan huce a kansa, sai na kama kaina ina tunanin yadda za ki kwaikwayi muryarsa in na gaya miki. Ranar da muka yi faɗa a tasha kika tafi ba sallama, ina jin haushinki, ina kuma addu'ar ki samu kujera kusa da taga. Da zafi ya tsananta har kukan ƙwari yana huda kunne, ke. Ranar tunawa da rasuwar Baba, ina tsaye gaban dutsen kabarinsa ina karanta sunan da zan bari, ƙirjina ya yi nauyi, ba zan ɓoye miki ba. A nan ma ke ce. Ina zan gudu, tauraruwata? Duk ƙofar da na buɗe ke nake tararwa a ciki!

Mama kuwa, kukanta gaskiya ne, amma ba ki ji ƙarshensa ba. Jiya na kai mata wasiƙarki. Ta karanta, ta tashi ta kunna turare a gaban hoton Baba, ta daɗe tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta juyo tana share ido ta ce, "Yarinyar da za ta bar ka don hawayena, ita ce ba a bari. Yayanka na nan riƙe da sunan. Tashi ka ba ni wuri. Amma ka gaya musu miso ɗinsu gishiri ya yi yawa." Na rungume ta har ta mangare ni a ƙeya!

Abin da Mama ba ta sani ba, tun kafin wasiƙarki na je wurin mai sassaƙa hatimin suna, irin wanda ake bugawa a madadin sa hannu. Ya tambaye ni wane suna, na ce Kuramochi, sunan gidanku, kuma harshena bai ko yi tuntuɓe ba. Yau da safe na karɓo shi. Ɗan ƙaramin icce ne, bai kai yatsana ba, amma tun ɗazu nake taɓa aljihu ina tabbatar yana nan.

Asabar za a buɗe gangar. Ina zuwa a jirgin ƙarfe tara. Don girman ƙaunar nan, ki tsaya mini a tasha, ki janye maganar saki, ki yaga ta, ki zuba a murhun dafa wake. In miso ɗin ya yi daɗi, naki ne ni. In hannun alli ya ɓata shi Babanki ya kore ni da ludayi, naki ne ni, zan dawo a cuɗa wani da ni.

Yanzu duba ƙasan takardar nan. Bugun farko ke nan da na yi da shi, kuma don ɗoki na buga shi a kife. Ki yi dariyarki, na ba ki izini. Ki juya takardar ki karanta, sunanku ne, nawa ne. Ina da sauran rayuwata in koyi buga shi daidai.

Naki a zafi, naki a sanyi, har ranar da za a sassaƙa sunan nan a kan dutse ɗaya da naki,

Tatsuro Kuramochi